Faifan kiɗan gem: kunne ne ke ji, ko kuɗin da aka kashe ne ke magana?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da matsala, kuma na san gidan nan ba a rasa mai sani. Wata uku ke nan ina jiran faifan kiɗan Streets of Rage 2, wanda kamfanin Data Discs na Landan ya buga. Duk wanda ya yi zaman gidan gem a Fagge ko Sabon Gari a shekarun 1990 ya san abin da nake nufi, kiɗan nan na matakin farko da ke tashi kana fitowa titi, tun ba ka naushi kowa ba kanka ya fara kaɗawa. Jiya bayan isha'i ya iso gidana a nan Jidda. Na ɗora shi a kan garmahon da wani abokina ya taho mini da shi daga Ingila, na hannu ne amma lafiyayye, na sauke allura, na gyara zama. Wallahi sai na ji kamar ana koro makaɗan da bulala. Komai gudu yake yi, sautin ya haye sama kamar muryar yara. Na juya ɗaya gefen, duk kanwar ja ce. Maman Amira ta leƙo daga kicin ta ce, "Wannan ne ya cinye kuɗin cefanen mako biyu?" Ban samu bakin amsawa ba. To faifan ne jabu, ko kuwa duk maganar da ake yi cewa faifai ya fi waya daɗin sauti yaudara ce?

Autan Hajiya: Wa alaikumus salam Yaya. Yaudara ce, ka yi haƙuri. Kiɗan nan a kwamfuta aka haife shi, a kwamfuta ya girma. Yuzo Koshiro, wanda ya tsara kiɗan, bai tara makaɗa a ɗaki ba, lissafi ya rubuta wa na'ura ta fitar da ƙara. Ka ɗauki abin da asalinsa lambobi ne ka kankare shi a jikin roba, sannan ka ce ya fi asalinsa? Kamar ka ɗauki hoton hoto ne ka ce ya fi mutumin kyau. Da kuɗin nan hedifon mai kyau ka saya.

Injiniya Yanbu: Auta dakata, ba a kai nan ba tukuna. Baban Amira, garmahon naka da bel yake juyawa? Ka ɗaga farantin ka gani. Sannan ka duba bayansa ko ƙarƙashinsa, akwai 'yar takarda da aka rubuta ƙarfin wuta. Me ta ce?

Baban Amira: Da bel ne, Injiniya. An rubuta 230V, 50Hz. Fulogin ma irin namu ne mai ƙafa uku, kai tsaye ya shiga soket, ban nemi komai ba.

Injiniya Yanbu: To ga ɓarawonka nan. Faifanka lafiyarsa ƙalau. Wutar Ingila tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, haka ta Najeriya da ta Sudan. Ta Saudiyya sau 60 take yi, irin ta Amurka. Fulogi iri ɗaya, ƙarfin wuta kusan iri ɗaya, shi ya sa mutum ba ya zargin komai. Amma da yawa daga garmaho masu bel, ƙaramin injin da ke cikinsu da wannan kaɗawar wutar yake ƙirga gudunsa. Ka ba shi 60 a maimakon 50, sai ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Faifan da ya kamata ya yi juyi 33 da sulusi a minti sai ya yi 40, na 45 kuma ya yi 54. Bulalar da ka ji ke nan.

Kada ka yarda da ni haka kawai, gwada da kanka. Cire faifan, manna ɗan guntun takarda a bakin faranti, sa shi a 33, ka ƙirga sau nawa takardar ta wuce gabanka cikin minti uku cif. In lafiya yake za ka samu 100. In ka samu 120, magana ta ƙare. Kuma kada wani mai shago ya sayar maka da taransifoma ya ce ita ce magani, taransifoma ƙarfin wuta take sauyawa, ba ta taɓa yawan kaɗawar. Abin da kake buƙata ƙaramin fuli ne da aka yi don 60, wato ɗan ƙarfen da bel ke naɗewa a kansa, ko kuma akwatin wuta na musamman da ke ba injin nasa lissafin.

Baban Amira: Na ƙirga. 120 ba ɗaya. Amira ce ta riƙe agogo tana dariya. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Share Mansur: Hahaha ya akhi, ai da ka bar shi haka, ka gama faifan da wuri ka kwanta. Amma maganar Auta fa tana nan ba a amsa ba, kuma ni ma ita ke damuna. Mu da muka taso a Makka da Sakhr muka fara, wannan kwamfutar MSX mai rubutun Larabci, daga baya aka shigo da Family, kwaikwayon Famicom ɗin Nintendo, da kaset ɗin nan da ake rubuta wasa dubu a jikinsa alhali biyar ne suke ta maimaita kansu. Duk kiɗan da na sani ta lasifika ɗaya tal ta talabijin na ji shi, ga mukayyif na taga, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ruri a kanmu. To in na sayi faifai, wane sauti zan ce shi ne na asali? Na talabijin ɗinmu ko na ɗakin kamfani?

Maman Walid: Sannunku da hira. Ni ina Riyad, kuma ina da faifan gem goma sha ɗaya, don haka bari in sa baki. Auta, gaskiyarka rabi ce. Kana magana kamar duk kiɗan gem ƙarar na'ura ce. Ɗauki Cuphead, na 2017. Kristofer Maddigan ya rubuta shi a salon jaz ɗin shekarun 1930, kuma mutane ne suka zauna da kakaki da ganguna da fiyano suka kaɗa. Kamfanin iam8bit ya fitar da shi a faifai huɗu. Ko The Last of Us, inda Gustavo Santaolalla ke taɓa wannan 'yar molon ta Kudancin Amurka da ake kira ronroco, kana jin yatsa na goga tsirkiya. Ko Journey na Austin Wintory, wanda shi ne kiɗan gem na farko da aka sa a takarar Grammy ta kiɗan fim da makamantansa. Waɗannan ba su da bambanci da kowane kiɗa da ake bugawa a faifai.

Sai dai ba zan yi maka ƙarya in ce kunnena ya tabbatar mini faifai ya fi ba. Abin da na sani shi ne, a waya ban taɓa sauraren kundi guda daga farko har ƙarshe ba. Minti biyu saƙo ya shigo, na tsallake, na manta. Faifai kuwa sai na wanke hannu, na zaro shi, na share ƙura, na zauna, bayan minti ashirin ya tilasta mini tashi in juya shi. Ranar da na fara sa Minecraft Volume Alpha na C418, Walid ya ajiye abin da yake yi ya zo ya zauna a ƙasa kusa da lasifika. Yaron da ya shekara yana jin kiɗan nan a cikin wasa, ya ce bai taɓa lura fiyano ba ne.

Autan Hajiya: Anti, to ai kin taya ni ne. Abin da kika lissafa natsuwa ce, ba ingancin sauti ba. Ki kashe data ki ajiye waya a kan tebur, kin samu natsuwar kyauta.

Maman Walid: Kai ka taɓa iyawa?

Autan Hajiya: A bar wannan maganar, Anti.

Injiniya Yanbu: Bari in yi dogon rubutu sau ɗaya, wanda ya gaji ya wuce. In ma'auni za a bi, Auta ya ci. CD, wanda ya fito a 1982, yana da tazarar kusan desibel 96, wato ma'aunin ƙarfin sauti, tsakanin ƙaramin sauti da babba. Faifai mai kyau da ƙyar yake kai 70, don kuwa allura na gogar roba, dole a ji shuu a ƙasa. Rarrabe hagu da dama ma dijital ya fi shi nesa ba kusa ba. Kuma faifai ba ya iya ɗaukar sauti yadda yake. Bes mai nauyi yana sa layin ya yi faɗi har allura ta yi tsalle, don haka wajen yanka ana rage bes a ƙara siririn sauti, in an zo saurare sai wata 'yar na'ura ta mayar da shi daidai. Wannan ƙa'idar ta RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, tun 1954 ake bin ta. Shi ya sa in ka haɗa garmaho kai tsaye da amfilifaya marar wannan sashen za ka ji sauti siriri kamar sauro, babu ƙasa.

Wani abin da mutane ba su cika lura ba: faifai juyinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, amma da'irar tana ƙanƙancewa. A bakin faifai allura na cin kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuwa wajen 20 kawai. Wato waƙar ƙarshe a kowane gefe an cusa ta a fili ƙasa da rabi. A nan ne siririn sauti ke fara tsatsa. To kiɗan tsofaffin gem shi ne ya fi kowa shan wannan wahalar. Famicom, wadda ta fito a Japan a 1983, muryoyi biyar gare ta: biyu masu kaifi, ɗaya mai taushi da ke riƙe bes, ɗaya ta hayaniya da ake yin ganga da ita, ɗaya ta ɗan guntun sauti da aka naɗa. Waɗancan biyun masu kaifi cike suke da siraran sautuka a sama, irin waɗanda allurar yanka ba ta so. Dole mai yanka ya ɗan daddanne su. Kun ga abin da mutane ke kira ɗumin faifai, a irin wannan kiɗan yawancinsa aski ne aka yi wa kaifin. Kunne na jin daɗinsa, ban musa ba, ni ma ina ji. Amma ragi ne aka yi, ba ƙari ba.

Inda faifai ke iya cin nasara da gaske wuri ɗaya ne: wanda ya yi gyaran ƙarshe. Sau da yawa kiɗan da ake sakawa a intanet an matse shi don ya yi ƙara a waya da mota, ganga da sarewa duk tsayinsu ɗaya. In za a yanka faifai wani lokaci akan yi masa gyara dabam, a bar shi ya yi numfashi. Idan ka ji faifai ya fi, galibi wannan hannun ka ji, ba robar ba.

Ɗan Share Mansur: To Injiniya tambayata fa? Wanne ne na asali?

Injiniya Yanbu: Babu guda ɗaya, shi ne amsar. Ɗauki Mega Drive ta 1988, injin gem na Sega da aka yi wa Streets of Rage 2. Cip ɗin Yamaha YM2612 ne a cikinta mai muryoyi shida, da wani ƙarami da ke taimaka masa. Samfurin farko, mai ramin hedifon a gaba da maɓallin ƙara murya, sautinsa ya fi na yawancin samfuri na biyu tsabta, kowa a harkar ya san haka. Koshiro kuma a kwamfutar NEC PC-88 yake tsara kiɗansa kafin a kai shi cikin kaset. To wanne za ka kira asali, na kwamfutarsa, na samfurin farko, ko na biyu da aka jona wa talabijin ta wayar eriya? Kamfanin da zai buga faifai sai ya zaɓa, kuma kamfanin kirki yakan faɗi daga inda ya ɗauko. Wannan nake fara dubawa kafin launin roba.

Baban Amira: Wannan ya tuna mini wani abu. Shekaru ina jin kiɗan Sonic na farko a YouTube ina cewa sun ƙara masa gudu, ba haka na san shi a Kano ba.

Injiniya Yanbu: Ba su ƙara ba, kai ne ka taso da mai nawa. Injinan da aka yi wa Turai, waɗanda su suka fi zuwa Najeriya, suna tafiya da tsarin talabijin na 50, na Japan da Amurka kuwa 60. Sonic na 1991 ba a daidaita shi ba, don haka a injin Turai wasan da kiɗan duka sun ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari. Abin da Masato Nakamura, mai kiɗan wasan, ya rubuta shi ne mai saurin. Ka ga ikon Allah, 50 da 60 ɗin nan sun rage maka gudu kana yaro a Kano, sun ƙara maka kana babba a Jidda.

Baban Amira: Innalillahi. Wato shekara talatin ina kewar kuskure.

Kawu Na Misfala: Assalamu alaikum yarana. Jikata ce ke rubuta mini, ni idanu sun yi rauni. Ina jin ku tun ɗazu. Ni ban san gem ba, amma na san faifai tun ba a haifi iyayen wasunku ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da garmaho irin wanda ake murɗa hannu kafin ya yi magana. Faya-fayensa masu nauyi ne, in ya faɗi ya fashe kamar tangaran. Allurai a ɗan gwangwani suke, na ƙarfe, kana sa faifai ɗaya ko biyu ka jefar ka sa sabuwa. A lokacin ba a fito da irin wannan fili, a ɗaki ake sa shi a rufe ƙofa, in ya yi ƙara a cusa tsumma a bakinsa. Daga baya alhazai suka riƙa zuwa mana da na Shata da Ɗan Maraya Jos daga gida, mu kuma muna da na Ɗalal Maddah. Har yanzu akwai guda bakwai a akwatina.

Abin da zan ce, mu a lokacin ba wanda ya ce yana son ƙarar shuu da ƙas-ƙas ɗin nan. Haƙuri muke da ita don babu wani. Da kaset ya zo murna muka yi. Yanzu ku da Allah ya ba ku sauti tas a aljihu kuna sayen ƙas-ƙas da riyal ɗari-ɗari. Ban hana ku ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Dariya dai nake yi.

Maman Walid: Allah ya ƙara girma da lafiya, Kawu. Kun gama da mu. Amma don Allah kada a zubar da bakwai ɗin nan, kuma kada a bar su a kwance wani kan wani.

Autan Hajiya: Kawu ya yanke hukunci, a tashi taro.

Ɗan Share Mansur: Ba a tashi ba. Auta, kana magana kamar wani sabon yayi ne 'yan gayu suka ƙirƙiro. Tun 1984 Haruomi Hosono na ƙungiyar Yellow Magic Orchestra ya fitar da kundin kiɗan wasannin Namco a Japan, kuma a faifai ya fito. Kiɗan gem ya hau faifai tun kafin Super Mario Bros. ya zo duniya a 1985. Kuma ba mu kaɗai muka haukace ba, a Amurka a 2022 an sayar da faifai fiye da CD, karo na farko tun 1987.

Autan Hajiya: Yawan masu saye ba hujja ba ne, Yaya. A 2022 ɗin nan dai aka gano kamfanin Mobile Fidelity, wanda masu kunnen zinariya ke rantsuwa da shi cewa faya-fayensa ba su taɓa shiga kwamfuta ba, ashe ya yi shekaru yana bi da su ta dijital kafin ya yanka. Duk masu cewa suna jin bambanci daga nesa babu wanda kunnensa ya kama, sai da magana ta fito daga bakin ma'aikatan.

Injiniya Yanbu: Wannan gaskiya ne, kuma faya-fayen nan suna da daɗin ji. Abin da ya nuna shi ne dijital ba shi ne abokin gaba ba.

Maman Walid: Tunda Baban Amira ya riga ya shigo, bari in ba shi abin da na koya da kuɗina, don ƙasar nan ba ta raga wa roba. Faifaina na uku a watan Yuli na yi odarsa. Mai kawo kaya ya kira ina wurin aiki, ya ce zai dawo gobe, kwalin ya kwana ya wuni a bayan mota. Da na buɗe, faifan ya lanƙwashe kamar gurasa, in yana juyawa hannun allura hawa da sauka yake kamar jirgin ruwa. Na sa shi tsakanin littattafai masu nauyi wata guda, ya ɗan miƙe, bai koma daidai ba. Tun daga nan ba na oda sai daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kuma ka yi lissafi tun kafin ka danna: faifan dala 40 riyal 150 ne, kuɗin jirgi wani lokaci ya kusa kai haka, ga harajin kashi 15 a kai. Gara ku haɗu ku uku ku yi oda ɗaya.

A tsaye ake jera su kamar littattafai, nesa da taga, kada ka bar ko ɗaya a mota ko na minti goma. Mu a Riyad bushewar iska ce matsalarmu, faifai na jan ƙura kamar maganaɗisu, kana zaro shi daga riga kana jin ɗan tas-tas. Ku a Jidda laima ce, kwalin ke yin fumfuna in ɗakin ba ya samun mukayyif. Wanki kuma da tataccen ruwa, ba na famfo ba, don na famfo yana barin gishiri a cikin layi.

Ɗan Share Mansur: Tataccen ruwa wato ruwan batir?

Injiniya Yanbu: Wanda ake ƙara wa batir, marar asid. Ka karanta jikin robar sau biyu, kada mu ji labari. Ko ka saya a kantin magani hankalinka kwance.

Maman Walid: Sai maganar masu hoto a jiki. Ina da ɗaya, kyakkyawa ne ƙwarai, amma shuu ɗinsa ya fi na sauran, saboda hoton takarda ce aka rufe da siririyar leda, a jikin ledar aka buga layin. Na bango ne, ba na kunne ba. Masu launi zalla kuwa ban ga laifinsu ba in an buga da kyau. Nauyin giram 180 da ake tallatawa yana da daɗin riƙewa, amma zurfin layi ɗaya ne da na marar nauyi. Sannan ka yi hattara da kiɗan wasannin Nintendo. Sun daɗe suna rowar lasisi, don haka da yawa daga abin da za ka gani na Mario ko Zelda ko Donkey Kong a kasuwar hannu ba da izini aka buga ba, wasu ma daga intanet aka kwashe sautin aka yanka. Kafin ka biya ka duba shafin Discogs a intanet, a nan ake rubuta ko na halal ne, ka kuma karanta abin da waɗanda suka saya suka ce game da bugun.

Baban Amira: Allah ya biya ki, Maman Walid. Ni da na ga wani ƙaramin garmaho mai kamar jakar hannu, da lasifika a jikinsa, har na yi niyyar saya wa Amira.

Injiniya Yanbu: In tsofaffin faya-fayen Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjon nan ta Jidda, za ta riƙa sawa, ba laifi. Amma kada faifanka mai tsada ya hau shi. Allura mai kyau nauyin da take dannawa wajen giram biyu ne, irin waɗancan sukan ninka haka ko fiye, kuma ba su da wurin daidaitawa. Ga lasifika a jiki ɗaya da faranti, tana girgiza allurar da ke karanta ta.

Baban Amira: 'Yan uwa, na dawo da labari bayan kwana goma sha biyu. Fuli ya iso, ɗan abu kamar hular kwalba, na sa, na ƙirga, 100 daidai. Ranar Juma'a Injiniya ya shigo Jidda, Auta ya zo, Ɗan Share Mansur ya taso daga Makka da tsohuwar Mega Drive ɗinsa mai ramin hedifon da kaset ɗin wasan. Bayan la'asar muka zauna a falo. Injiniya ya ce kowa ya juya baya. Ya fara daidaita ƙarfin murya da wata manhaja, don a cewarsa duk wanda ya fi ƙara ko da kaɗan ne shi kunne ke zaɓa. Da ya sa faifai da na waya, kowa ya gane faifai, amma ba don daɗi ba, ɗan ƙas ɗin da allura ke yi in ta sauka ne ya tona shi. Sai ya yi mana wayo. Ya naɗi faifan a kwamfutarsa, da ƙas ɗin da komai, ya riƙa sauya mana tsakanin faifan da naɗin. Wallahi cacar baki kawai muka yi ta yi. Ni da na rantse na uku faifai ne, ashe kwamfuta ce.

Autan Hajiya: A rubuta a ajiye: Auta ya yi gaskiya.

Ɗan Share Mansur: A kuma rubuta cewa da aka tambayi wanne ya fi daɗi tsakanin faifai da wanda ke wayarka, faifai ka nuna, kana juye da baya. Kuma kai ka fi kowa daɗewa riƙe da kwalin kana kallon zanen.

Autan Hajiya: Gyaran ƙarshen ne ya fi, Injiniya ya riga ya yi bayani. Zanen kuma ai ido ne, ba kunne ba.

Baban Amira: Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne na ƙarshe. Muka jona Mega Drive da wata tsohuwar talabijin mai ƙugu da ke ɗakin ajiya, ta wayar eriya, lasifika ɗaya. Sautin ya fito a cushe, bes ɗin na karkarwa a jikin roba, ga zuu a ƙasa. In ma'auni ne shi ne na baya a cikin duka. Amma yana tashi na ji ƙanshin gidan gem ɗin nan na Fagge, da fankar sama da naira biyar a tafin hannuna tana jiƙewa da gumi. Faifan bai yi mini haka ba. Faifan ya nuna mini abubuwan da ban taɓa sanin suna cikin kiɗan ba, wata 'yar murya can gefen hagu da talabijin ta shekara talatin tana haɗiyewa. Ban yi da-na-sanin saye ba, kuma na riga na sa ido a kan na Street Fighter II da Brave Wave suka fitar, kiɗan Yoko Shimomura. Maman Amira ba ta sani ba tukuna.

Maman Walid: Yanzu ta sani, tana cikin gidan nan. Ka bari sai Nuwamba, ni ma ina da biyu da nake so, mu haɗa kuɗin jirgi.

Kawu Na Misfala: Baban Amira, tunda injin naka ya daina gudu, ranar da za ka shigo Umra ka biyo ta Misfala ka ɗauki bakwai ɗin nan. Ɗaya na Shata ya ɗan tsage a baki, sauran ƙura ce kawai. Injiniya ya naɗa mini su a waya yadda ya yi muku, da ƙas-ƙas ɗin duka, kada ya goge komai. In kun gama ku dawo mini da kayana.

Injiniya Yanbu: An gama, Kawu. Baban Amira, ka duba tsakiyar kowanne kafin ka ɗora. In ka ga an rubuta 78, ko ka ji ya yi nauyi da tauri kamar faranti, kada ka sa masa allurarka, wata daban yake so mai kauri. Ka ajiye mini shi gefe sai na zo.

Baban Amira: To. Asabar in sha Allah, bayan azahar. Kawu, a bar su a cikin akwatin, zan zo da kwali da tawul, kuma motar a inuwa zan ajiye ta.